Kalmar da Ta Raba Fo Edem da Tasharsa

Tanti Akpene,

Ranar Lahadin da ta wuce kwamitin ƙungiyarmu ya karɓe rigar aiki daga hannun Fo Edem, ya hana shi ɗaukar fasinja a tasharmu, kuma bakina ne ya jawo. Don Allah ki taimake ni, domin ranar Asabar za a zauna a yanke ko korarsa za a yi gaba ɗaya.

Ni ne magatakardan ƙungiyar 'yan acaba ta wata tasha a nan unguwar Bè. Sun ba ni muƙamin don na gama sakandare, ina iya rubuta wa hukuma takarda da Faransanci ba tare da an yi mana dariya ba. Muna da ɗan ofis da tsohuwar kwamfuta, makullai biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun Fo Edem, mataimakin shugaba. Shi ya koya mini tuƙin babur lokacin da na zo Lome ba ni da kowa. Abin da yake yi da kwamfutar bai wuce duba sakamakon ƙwallo da farashin taya ba, da yatsa ɗaya yake dannawa yana zagin alƙalin wasa.

Tun farkon damina muke rigima da wata ƙungiya kan filin da ke bakin kasuwa. Duk abin da muka shirya a taro, kafin mu kai shi ofishin magajin gari sun riga mu. Kowa ya soma kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Ana cikin haka kwamfutar ta yi nauyi, na sauke wata manhajar kariya ta kyauta na saka mata. Tana gama bincike ta cika allon da jan rubutu, wai ta kama "mouchards" suna bin sawunmu. A ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta "cookies". Tanti, kin san nauyin kalmar mouchard a garin nan, ɗan rahoto, mai kai sunan mutane. Kin san akwai gidajen da har yau ba sa gaisawa saboda ita. Ban tsaya kan ƙaramin rubutun ba.

Na ɗauki hoton allon da waya na nuna a taro. Zan iya rantsewa ban kira sunansa ba. Cewa kawai na yi mu biyu ke da makulli, kuma ni ne na kawo ƙara. Sauran suka ƙarasa da kansu. Wani daga baya ya ce, "Ashe tsohon ba ƙwallo yake kallo ba, mu yake bugawa." Aka yi dariya. Fo Edem ya miƙe ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kai ne mai boko. Karanta mini a hankali, sunana ne a jiki?" Na ce inji ba ya ƙarya. Ya ajiye makullin a kan benci ya fita. Yanzu in ya doso wurin mai sayar da ayimolu, shinkafa da waken nan, inda muke karyawa, sai ka ji an ce, "A yi shiru, rediyo ya iso."

Don tsoro na saka manhajar nan a kwamfutar matata Dela, wadda ba mai taɓawa sai ita, da ita take shirya darasin ɗalibanta. Jan rubutun ya fito, ya ma fi na ofis tsawo. Dela ta kwashe da dariya ta ce, "To maigida, ni ma sai ka kai ni gaban kwamiti. Wace riga za su karɓe mini?"  Na goge mouchards ɗin, na buɗe jarida a intanet, na sake bincike, ga su sun dawo.

Na shiga kasuwa na samo wasu manhajojin kariya biyu a filash na ƙara a ta ofis, ko ɗaya za ta ba ni gaskiya. Yanzu kowace tana kiran 'yar'uwarta abokiyar gaba, kwamfutar kuma sai ka cinye kwanon tuwo kafin ta farka. Ta farkon tana ta cewa in biya ta kore su har abada.

Mene ne waɗannan abubuwa? Wace manhaja zan amince da ita? Kuma in na tashi ranar Asabar na ce ban karanta daidai ba, muƙamin ya tafi, wasu ma za su ce ni ne ɗan rahoton na nemi wanda zan laƙa wa. Ba wanda ya san wannan sai Dela. Na haɗo miki hoton da lambar wayata.

Magatakarda mai nadama, Bè, Lome

*

Ɗana Magatakarda,

Na duba hoton layi bayan layi. Duk abin da ke cikinsa kukis ne, wato "cookies" ɗin da ka gani a ƙananan haruffa, babu ko ɗaya da ya nuna wani mutum ya dasa wani abu.

Kuki ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a burauzarka, manhajar da kake buɗe intanet da ita, don ya gane ka in ka dawo. Shi ya sa ba a tambayarka kalmar sirri kowane lokaci. Wasu kukis ɗin na kamfanonin talla ne, suna lura da shafukan da aka buɗe don su san tallar da za su nuna, su ne manhajarka ta kira mouchards. Iyakar rahoton da suke kaiwa shi ne akwai mai son ƙwallo da taya a ofishinku. Ba sa buɗe takardunku, ba sa jin abin da ake faɗa a taro. Duk wanda ya buɗe intanet yana kwasarsu, kuma tabbas wasu daga cikin na hoton kai ka kwaso su. In an goge suna dawowa, kamar yadda ka gani a gida.

Tsoronka ba shirme ba ne. Manhajar leƙen asiri ta gaske tana nan a duniya, wata ma tana satar kukis ɗin shiga don ta buɗe akwatin saƙon mutum. Amma wannan da sunanta daban ake nuna ta, kuma ba ta cikin hotonka. Wasu manhajojin kyauta suna rubuta ƙaramin abu da jan launi ne don a firgita a saya. Kada ka biya don kukis.

Ga abin yi. Cire biyun nan na kasuwa yau, domin manhajar da aka kwafa a filash ita ce ƙofar da ɓarna ta fi shigowa ta ciki. Cire ta farkon ma. Kariya ɗaya ake bari a kwamfuta, biyu faɗa suke yi. Wadda ta zo tare da tsarin kwamfutar ta ishi ofis irin naku muddin ana sabunta ta. In kwamfutar ta tsufa har ta daina karɓar sabuntawa, wannan ce matsalar da ya kamata kwamiti ya zauna a kai. In kuna son wata daban, ku sauke daga shafin masu ita, bayan kun duba sakamakon masu gwaji da ba su da abin sayarwa. Ka yi cikakken bincike sau ɗaya, ka canza kalmomin sirri, ka shiga saitin burauza ka hana kukis na wasu shafuka, kowane mai makulli kuma a buɗe masa nasa wurin shiga.

Sai babbar maganar. Ka ce ba ka kira sunansa ba. Wanda ya ce mu biyu ne kuma ba ni ba ne, ya kira suna. Sun yarda da kai ne don kai ke karanta musu, saboda haka ba wanda zai iya janye kalmar sai kai. Kada ka jira Asabar. Ka je gidansa, ka gaishe shi yadda ƙane ke gaida yayansa, ka faɗa masa ka yi kuskure ba tare da ka ɗora wa inji laifi ba. Yana da ikon ƙin karɓa, kada ka matsa masa. Ranar taro ka roƙi Dela ta ara maka kwamfutarta, ka yi binciken a gaban kowa su ga jan rubutun da idonsu, sannan ka nemi a mayar masa da rigarsa da makullinsa a wurin da aka karɓa.

Za ka iya rasa muƙamin, ba zan ɓoye maka ba. Kai za ka ci gaba da ɗaukar fasinja, shi kuwa abincin gidansa ne aka tsare. Game da yadda shirinku ke fita, taron da ake yi a bakin titi kowa ya tashi ya goya fasinja yana hira ba ya buƙatar kwamfuta kafin labarinsa ya zaga kasuwa. Wannan hasashena ne kawai, kada ka mayar da shi sabon zargi a kan wani.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Fo Edem, ya daidaita tsakaninku.

Kafin mu kai shafin nan maɗaba'a na kira lambar da ka bari. Ka ce mini an ga babur ɗinsa a wata tasha can unguwar Agoè, yana neman a ba shi wuri. Har yanzu ba wanda ya tabbatar ko sun karɓe shi.

Tanti Akpene