Takardun da ke cikin gafakata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ne Nata'ala mai zanen riga, na Faskari. Hankalina ɗaya, jiki ne ya gaji. Malam Gide, limamin unguwarmu, shi ke rubuta abin da nake faɗa, a watan Safar, 1376. Zuwa ga 'ya'yana Maharazu da Sha'ibu da ɗiyata Hajaratu.

Na ɗaya. Gida da gonar hanyar Yankara da tumaki gado ne. Ku kai gaban alƙali ya raba yadda Allah ya ce. Ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu. Gafakar fata da nake ajiye takardun zane. Shekara arba'in ina tara su, duk aska biyu da aska takwas da tambarin da na taɓa zana wa mutum a riga, na bar kwatancinsa a takarda. Da ita na ci kasuwar Ƙanƙara da Sabuwa a ƙafa. Na ji ku ta bayan zana, Maharazu da Sha'ibu, kuna gardamar raba ta biyu. Na bar wasiyya kada a raba. Wanda ya zo neman riga so yake ya ga hannun mutum tun daga farkonsa, rabi ba ya nuna komai. Ta zauna a zaure, kowa ya yi aiki da ita.

Na uku, wanga shi ya fi mini nauyi. Shekara shida ke nan idona ya mutu, layin tawada ba na ganinsa. Na ɓoye. Hajaratu, da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke zana sababbin a cikin gida, ta lanƙwashe gefen takardar don in gane da yatsa. Ni kuwa in fita zaure in shimfiɗa, a ce Malam sai ƙara gwaninta yake da tsufa. Ina jin yabon, ban taɓa cewa a'a ba. Sau ɗaya ta tambaye ni ko masu riga sun so aikin, na ce mata ba laifi. Rannan mutum uku suka zaɓi nata.

Duk takarda mai lanƙwasasshen gefe, guda arba'in da ɗaya, ba tawa ba ce, don haka ba gado ba ce. Ku fitar ku ba ta. A ɗinka mata gafaka tata. In za ku nuna wa baƙo, ku nemi izininta, ku kuma faɗi mai aikin. Hajaratu, na ci haƙƙinki. Ki yafe mini tun ina numfashi.

Na huɗu. In baƙo ya zo, ku wanke hannu, ku shimfiɗa buzu, kada takarda ta taɓa ƙasa. Uku za ku fitar, ba duka ba, ido na gajiya. Mafi kyau ta zo ƙarshe. In damina ta wuce, ku shanya su a inuwa, ku rataye gafakar nesa da bango saboda gara. Waɗanda na ɓata ina koyo suna can ƙasan gafakar, kada kunya ta sa ku yar da su.

Na biyar. Maharazu, tun ranar da mai riga ya tsallake ka ya ba ƙanenka Sha'ibu ɗinki ka daina amsa gaisuwar ƙanen naka. Ni na ce a ba shi, zarensa ya fi naka kwanciya. Kai kuma ka fi shi yanka. Ina da sauran magana a kan wannan, amma na gaji.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Kada kowa ya ja danga a tsakar gidan nan. Ranar da kuka kai ni makwancina, ku dawo ku zauna wuri ɗaya ku ci abinci, ko da ba wanda ya iya cewa uffan. Gobe ma ku sake zama.