Na Ga Kuskurenta, Na Yi Gum

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, abin nan ya hana ni sakat.

Shekara ashirin da shida ke nan ina kula da laburaren lauyoyi da ke hawa na biyu a ginin kotu. Aikin da nake tinƙaho da shi ƙarami ne a ido. Duk lokacin da kotun sama ta soke wani hukunci, sai in ɗauko kundin da tsohon hukuncin yake ciki, in rubuta da fensir a gefen shafin cewa an soke, da inda za a sami sabon. Da, layi lauyoyi suke yi a gaban teburina. Har masu furfura sai sun leƙo sun tambaye ni kafin su tsaya gaban alƙali.

Yanzu an jera kwamfutoci shida a bakin taga. Mutum ya shigo, ya yi danne-danne, ya buga takardarsa, ya fice, wani ko sallama babu. Tambayar da ake min a yini ba ta wuce ina wurin cajin waya ba. Matata ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yana suna nesa, sai gaisuwar waya a gurguje. Har littattafan nake yi wa magana in ina goge su. Kaɗaici yana cina, Malama, ba zan ɓoye miki ba.

To, akwai wata sabuwar lauya, sa'ar 'yata ta fari, ita kaɗai ke ce min Baba. Ranar Litinin ta manta takarda ɗaya a na'urar buga takardu. Na duba, sai na ga hukuncin da ta dogara da shi ne don kare wani magidanci da ake so a fitar daga gidan da ya gada. Na san hukuncin nan kamar yunwar cikina. An soke shi shekara tara da suka wuce, da hannuna na rubuta a kundi na goma sha huɗu. Kwamfuta ta fito mata da tsohon, ita kuma ba ta bi diddigi ba.

Jiya ta gaishe ni, na amsa, na yi gum. Wata zuciyar ta ce in bar ta ta sha kunya a gaban alƙali, ko lauyoyin nan sa san akwai abin da inji bai sani ba. Ranar Alhamis za a saurari ƙarar, takardar kuma tana cikin aljihun teburina. Ni mugu ne? In na faɗa mata ta yi min kallon tsohon da zamani ya wuce fa?

Mai Fensir

Baba Mai Fensir, na tura maka amsar nan tun kafin ta fito a jarida, don lokaci ya ƙure. Kai ba mugu ba ne, da ba ka rubuto ba. An yi watsi da kai, dole ka ji zafi. Amma kunyar da za ta sha ta yini ɗaya ce, magidancin nan kuwa gidansa zai tafi, shi da bai taɓa wuce ka ba sallama ba. Gobe da safe ka ɗauki kundin da takardar ka kai mata.

Sai dai kada ka ɗora wa kwamfuta duka laifin. Tana nemo a minti ɗaya abin da kan ci rabin yini a tsakanin kantocin littattafai, wataƙila ma sabon hukuncin yana cikinta. Lauyar ce ba ta san ana tambaya ko hukunci yana nan da ransa ba, kai kuwa aikinka ke nan. Fensirinka ma yana iya makara in sabon kundi bai iso ba. Saboda haka ku duba tare. Ja kujera kusa da ita, ka nuna mata gefen shafi, ta nuna maka inda ake dannawa. Ba na tsammanin za ta raina wanda ya ceci ƙararta, kuma lauyoyi ba a san su da riƙe labari ba, sauran ma za su ji su nemo teburinka.

Abin da ka gaya min game da shirun gida, ka gaya wa 'ya'yanka. Ƙila ba su sani ba, in dai kullum lafiya lau kake ce musu.

Allah ya yaye maka kaɗaici, ya bar wa magidancin nan gidansa. Shekara ashirin da shida kana rubutu a gefen shafi don mutanen da ba ka sani ba. Kada ka hana wadda take ce maka Baba.