Ramin Yumɓu na Bayan Dutse

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kande mai tukwane.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ladabi, ina fata Allah Ya sa kina cikin rahama.

Inna, shekaranjiya a makarantar da nake koyar da Turanci a Roni, muka zo kan kalmar tunnel. Na ce wa yara hanya ce da ake haƙawa a ƙarƙashin ƙasa, a shiga ta nan a ɓulla ta can. Wata yarinya ta ɗaga hannu, wai wadda ba ta da mafita fa, mene ne sunanta? Wallahi sai alli ya suɓuce mini. 

Ke kin san ramin da ya faɗo mini a rai. Kuna shiga da rarrafe, ke da matan unguwa, da 'yar fitila da ƙwarya, ni kuma ina zaune a baki ina gadin takalma. Kullum maganarki ita ce, yumɓun kirki ba ya kwana a sama.

Ranar da ramin ya rufta, da damina, ke kaɗai ce a ciki. Maza suka yi ta tono, ƙasa na sake zubowa, har liman ya ce a bari haka, kada a ƙara rasa wani. A nan aka yi miki salla. Ba wanka, ba sutura. Har yau in na ji ƙanshin sabuwar randa, abinci ba ya shiga cikina.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Samari masu haƙar farar ƙasa sun buɗe sabon rami ta ɗaya gefen dutsen, kuma saitinki suke tahowa. Na je na durƙusa wa mai unguwa a kan a dakatar da su. Ya ce zai duba. Kin san irin dubawarsa, Inna, tun kina nan haka yake.

Ina jin tsoro, Innata. Tsoron kada bakin diga ya taɓa ki. Amma kuma wata zuciyar na ce mini a bar su su iso, ko na samu in taɓa ki sau ɗaya.

Jiya na shiga kasuwar Kazaure na yanko farin yadi. Yana cikin akwatina, na fesa masa turare.

Allah Ya yalwata miki inda kike, Ya haskaka shi, Ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi. Amin.

Taki har abada,
Ladidi.