Ba Zan Ba Injiniya Haƙuri Kan Ruwan Baho Ba

Anti, ki taimake ni kafin Yaya ya cinye ni ɗanye.

Ni mai wankin farantan sola ne a tashar lantarkin da ke bayan unguwarmu. Ban yi boko ba, allo na yi, kuma can aka koya mini ba a barin ruwan wankin allo ya taɓa ƙasa. To a nan tanka biyu muke kwararwa duk wanki, ƙasa ta shanye, alhali shekara uku ke nan damina na yi mana rowa. Rijiyar gidanmu sai an ƙulla igiya biyu guga ke jin ruwa. Sai na fara tara baho a ƙarƙashin farantan, in bar ruwan ya kwanta, in tace da tsohon ɗankwalin Inna, in sake wanki da shi. Injiniyanmu, wanda muke kira Na-Takarda, ya hana, wai me na sani ni da ko sunana ban iya rubutawa da boko ba.

Ni kuwa ba a taɓa ni a kwana lafiya. Ran da babban shugaba zai zo, na wanke layi guda da ruwan bahona a ɓoye. Wallahi a layin nan Na-Takarda ya ja shugaba ya tsaya, yana ta yabon ƙyalli. Sai na fito da baho da ɗankwali na dire a gabansu, na ce da ruwan nan na wanke shi. Har direban shugaba sai da ya riƙe ciki don dariya.

Yanzu an dakatar da ni sai na ba da haƙuri. Yaya, wanda ya tsaya mini aka ɗauke ni, ya daina cin abinci tare da ni. Haƙurin me? Ni na ƙafar da rijiya? Ba zan bayar ba. Amma fa ina son aikina.

Mai Baho

Mai Baho, na yi dariya, amma zauna ka ji. Kan ruwa kana da gaskiya: wutar da ba ta hayaƙi bai kamata ta bar maƙwabta da ƙishi ba. Sai dai hanin injiniya ba girman kai ba ne kawai. Ruwan da bai tacu sosai ba yana karce gilashi, kuma ƙyallin yini ɗaya ba hujja ba ne.

Ka raba abu biyu. Ka je tare da yayanka ka ba da haƙurin kunyata mutum a gaban shugabansa, domin wannan laifi ne, kuma mutuncin yayanka ka taɓa. Amma kada ka ba da haƙurin baho. Ka roƙi a ba ka layi ɗaya na wata guda, injiniyan da kansa ya riƙa auna wutar da yake bayarwa. In ta ragu, ka yi shiru. In ba ta ragu ba, ka bari shi ya kai wa shugaba labari.

Allah ya mayar da kai bakin aikinka. Ka kuma saya wa Inna sabon ɗankwali.