Takalman da Aka Jera a Ƙofata

Dehiwala, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Nazeera,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Cader da yara. Allah ya sa sanyin Kanada bai takura muku ba. Ni dai gwiwa ce da ido, sai godiya. Tun rasuwar mahaifiyarki gidan nan ya yi mini yawa.

Dalilin rubutun shi ne Rizmi, ɗan ƙanena. Da ko gaisuwar Idi ba ya kawowa, amma yanzu kullum yana nan da kwanon kunun shinkafa, Baffa kaza, Baffa kaza. Ruwa ba ya tsami banza. Kin san makarantar 'yan matan nan ta bayanmu tana ɗaukar yara ne bisa kusancin gida da ƙofarta. Shi ya sa gidajen layinmu suka ninka kuɗi. Gidan maƙwabcinmu Fonseka an saye shi tun kafin a kafa allon sayarwa, alhali na tsallaken magudana, da suka faɗa wajen iyakar makarantar, sun yi kwantai, kullum kuɗinsu sai saukowa yake yi.

Rizmi ya ce in sa sunansa a takardar gida don 'yarsa Shazna ta samu shiga, wai da zarar an ɗauke ta zai mayar mini. Na ce masa ban taɓa jin kura ta mayar da ajiya ba. Ya yi dariya, ya ce tsufa ya sa har inuwata nake zargi. To, inuwa ce maƙwabciya ta gani ran da ta hango shi da dillali suna auna katangar baya?

Jiya matarsa ta zo ta jera ƙananan takalma a ƙofa, ta shanya rigunan yarinyar a igiya, don in masu dubawa daga makaranta sun zo su ɗauka nan take kwana. Ta ce kada in taɓa. Na wuni ina kallonsu. Ba zan ɓoye miki ba, har gidan ya ɗan yi ɗumi.

Na aika masa cewa hannuna ba zai hau takarda ba. In makaranta yake so, ɗakinki na nan a share, su tare su ukun, a rubuta su 'yan haya. Ba na karɓar takalmi sai da ƙafa a ciki. Bai amsa ba, yau kuma kunu bai zo ba. In ya kira ki, kada ki ce masa to.

Ki gaishe mini da Cader, da Imthiyas, da ƙaramar Zulaiha. Takalman suna nan, na shigo da su don ruwan sama.

Mahaifinki,
Mohideen