Har Yanzu Ni Ce Maman Ishaku

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Baba? Mu nan Greensboro da sauƙi, sai kewa.

Wata uku ke nan da muka binne Ishaku. Ranar Asabar na je sayen daddawa shagon Hajiya Balki, 'yar Maraɗin nan da ke titin Gate City. Don tausayi sai ta ce mini "Anti Rifkatu" maimakon "Maman Ishaku". Yaya, ji na yi kamar an sake binne shi. Na ajiye daddawar na fito.

Na faɗa wa Malam Dauda na cocinmu, mai nazarin rubuce-rubucen iyayen ikkilisiya na farko. Ya ce sun koyar cewa ba a kiran Uba sai da Ɗa, kuma sunan kowanne yana ɗauke da ɗayan har abada. Ban gane duka ba, amma wannan kam na gane.

Jiya na koma na ce, "Hajiya, ki mayar mini da sunana." Ta riƙe hannuna, muka yi kuka tare.

Ki gaida Baba da mutanen Wusasa. Ku riƙa sa ni cikin addu'a.

Ƙanwarki,
Maman Ishaku