Gonata ta Bakin Rafi

Landan, ranar Lahadi

Zuwa ga Baba Alhaji Mamuda, Tafoki.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da Inna da Khairiyya. Ya ƙafar Kawu, ya shirin damina?

Baba, labarin da kuka ji gaskiya ne, wani babban bankin zuba jari ya saye namu. Kada hankalinku ya tashi. Aikina ke nan shekara biyar: kamfani biyu su zo, mu mayar da su ɗaya, kamar yadda kuka haɗa garkenku da na Kawu kuka sallami makiyayi guda. Ni nake rubuta sunayen waɗanda za a sallama, na san yadda ake zaɓe. Yanzu mu biyu ne a kujera ɗaya, ni da wata Baturiya, kuma na fi ta sanin aikin nesa ba kusa ba. Wata mai kamawa za a yanke hukunci. Ina ci ina sha lafiya lau, ku dai sa ni a addu'a.

Sai dai gonata ta bakin rafi, bana kada a ba kowa aro. A ajiye mini irin masara.

Ɗanku,
Abdulƙarim